Dokin Da Sunggu Ta Yi Jinya

Ranar da Daeng Tompo ya aiko a kira ni, ba don in yi wa dokin magani ba ne. So yake in gaya masa ko mahauci zai karɓa.

Sunana Sikki. Ni ne malamin dabbobi na ƙauyukan nan na yankin Jeneponto da ke bakin teku, duk wanda saniyarsa ta kumbura ko dokinsa ya ƙi tashi, ni yake nema. Daeng kuwa laƙabin girmamawa ne a wajenmu. Na iske dokin can bayan gonar masarar su Tompo, ɗaure a gindin giginya. Sai da na daɗe ina kallonsa kafin na gane shi. Leleng ne, akawalin da marigayi mahaifinsu ya yi shekaru yana ɗora wa buhunan gishiri zuwa kasuwa.

Haƙarƙarinsa duk a waje. Igiyar robar da aka yi masa ragama da ita ta ci bayan kunnensa har ta nutse cikin nama, ƙudaje sun yi baƙi a wurin. Ya cinye duk abin da igiyar ta bar shi ya kai, har jikin giginyar ya gwaguya. Kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe sama. Ga bokiti a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

"Yaya ka gani?" in ji Tompo. Yana tsaye nesa, yana kaɗa makullin motarsa ta ɗaukar kaya.

"Yaushe rabon da a ba shi ruwa?"

"Na sa ma'aikatana, ka san halinsu. Ni kuma kullum ina hanya. Ai tsufa ne kawai, Sikki. Dokin nan ya haura shekara ashirin."

"Yunwa ce, Daeng, ba tsufa ba."

"To, mahauci fa?"

"Me zai saya? Fata?"

Muna cikin haka sai ga Sunggu, ƙanwar Tompo. Ta doshi hamsin, ba ta taɓa aure ba. Ita ta yi jinyar uwarsu, ta dawo ta yi ta ubansu, yanzu tana zaune a ɗan ɗakin da ke jikin kicin a gidan yayanta. Ashe ce mata aka yi an kai dokin kiwo wurin dangi a kan tudu. Da ta ga babur ɗina ya nufi gona ne ta biyo sawu.

Ta ɗauki bokitin ta ruga rijiya, ta dawo da shi cike. Na riƙe hannunta.

"Kaɗan-kaɗan. In ya sha da yawa yanzu, cikinsa zai murɗe."

Sai ta dinga ɗebowa da tafin hannu tana kai masa baki, hawaye na zuba a kan zaninta.

Tompo ya yi dariya. "Ke da kike kuka, ɗauke shi mana. Na ba ki, ga Sikki shaida. Ba kina cewa ba a ba ki komai cikin kayan Baba ba? To ga rabonki nan."

"Ni ban taɓa cewa komai ba, Yaya."

"Da ido kike faɗa."

Ta juyo ta dube ni. "Malam, ka ji ko? Ya ba ni."

Na ce na ji.

Daga gonar zuwa gida ba wata tafiya ba ce, amma tun hantsi muke janye da shi sai bayan azahar muka isa. Sau biyu yana durƙushewa. Sunggu ta nufi ƙarƙashin gida da shi, tsakanin turakun da gidan ke tsaye a kansu, inda ubanta ya saba ɗaure shi. Hajiya Bollo, matar Tompo, ta leƙo ta saman matakala tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ina za a kai mana wannan mushen? Daidai ƙarƙashin ɗakin baƙina? Haba Sunggu, ki tausaya wa mutane."

A bayan gida kusa da rijiya Sunggu ta kafa masa rumfa da gora da ganyen giginya. Na yanke ragamar da reza, na wanke mikin da ruwan gishiri, na nuna mata yadda za ta kwaɓa kurkum da man kwakwa ta riƙa shafawa. Na ba shi maganin tsutsar ciki. Da na buɗe bakinsa na ga turamensa sun yi kaifi suna yanka masa kumatu, ko an ba shi abincin ma ba zai iya tauna ba. Na sa magagari na goge su, tana rungume da kansa tana yi masa magana a kunne kamar yaro.

"Kada ki ba shi hatsi tukuna," na ce mata. "Ciyawa ɗanya, ki yayyanka ƙanana, tafi ɗaya, sau shida ko bakwai a yini. Bayan mako biyu ki fara jiƙa masa dusar shinkafa. Kuma kada ki bari ya daɗe a kwance, in ya kwanta ya kasa tashi, shi ke nan."

"Zai rayu?"

"Ban sani ba."

Rana ta huɗu ya kwanta ya kasa tashi. Ta bi maƙwabta gida-gida har ta samu maza huɗu suka ɗaga shi. Ta ɗinke tsofaffin zannuwanta uku, ta zagayo da su ta ƙarƙashin cikinsa, ta rataye a jikin gorar rumfar don su tallafe shi. Haka ya yi kwana tara a rataye, kansa a sunkuye, ita kuma tana kora masa ƙudaje da mahuci tsakanin girki da wanki.

Aikin gida bai ragu da komai ba. Mutum tara take dafa wa abinci, har da masu lodin motar Tompo. Rani ne kuma, ƙasa ta bushe ƙamas, ciyawa ɗanya sai a bakin rafi can bayan gonakin gishiri. Da ta idar da sallar asuba take ɗaukar lauje, ta dawo da dami a ka kafin mutanen gidan su nemi kofi.

Da lokacin dusa ya yi, ta je rumbu ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

"Dusar ta agwagina ce," in ji Hajiya. "Su ƙwai suke ba mu. Naki me yake ba mu, ban da wari?"

Sai Sunggu ta fara zuwa bakin teku da la'asar, wurin masu noman ciyawar ruwa, tana ɗaura musu iri a igiyoyi. Abin da suka ba ta, dusa take saya da shi, da ɗan curin sukarin giginya. Ruwan gishiri ya tsattsage mata yatsu. Wata rana na zo duba mikin, na tarar tana dama masa masarar karin kumallonta cikin dusar.

"Ke me kika ci?"

"Na sha shayi."

"Dokin na cikowa, ke kina zubewa. Kin ji tarin da kike yi kuwa?"

"Tarin iskar teku ne, Malam. Duba dai, duba nan." Ta kama hannuna ta ɗora bayan kunnen dokin. Mikin ya rufe, gashi ya fara tsiro, fari tas.

A wata na uku saura kaɗan mu rasa shi. An yi baƙi a gidan, shinkafa ta yi saura ta kwana biyu ta yi tsami, Hajiya ta sa aka juye masa tukunyar gaba ɗaya. Sunggu ta dawo daga teku ta same shi yana birgima yana harbin cikinsa, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Ta aiko mini. Na ɗura masa magani, na ce a yi ta yawo da shi kada ya kwanta. Ta kama ragama tana zagaye rijiya da shi, zagaye bayan zagaye. Tompo ya dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba.

"Sunggu! Yanzu mu zauna da yunwa saboda dabba?"

"Yaya, shinkafa mai tsami aka ba shi."

"To laifi ne?" in ji Hajiya daga sama. "An hana dusa kin yi ƙorafi, an ba da shinkafa kin yi ƙorafi. Ni taimako na yi."

"Ki sake shi ki hau ki yi girki," in ji Tompo. "A gidana kike ci, a gidana kike kwana. Ban taɓa goranta miki ba, kada ki sa in fara."

Ta miƙo mini ragamar ba tare da ta dube ni ba, ta hau matakala. Ni na ci gaba da zagayen har cikin nasa ya saki. Ta tagar kicin nake ganin fuskarta, tana leƙowa tana komawa.

Ya tsira. Da damina ta sauka ciyawa ta wadata, sai ya shiga murmurewa kamar ana hura shi. Haƙarƙarin ya ɓuya, ƙugu ya cika, baƙin gashin ya dawo yana sheƙi. Na gyara masa kofato sau uku kafin takunsa ya daidaita. Ranar da ya fara haniniya, matan da ke ɗiban ruwa a rijiya har guɗa suka yi don tsokana, suna cewa angon Sunggu ya yi magana. Ita ma ta yi dariya. Ya koma bin ta ko'ina ba igiya, in ta tafi teku yana bayanta, ya shiga ruwa zuwa ƙirji, ya fito ya yi birgima a yashi.

Na ce mata, "Yanzu kam zai iya ɗauko miki damin ciyawar."

"A'a. Ya gama ɗaukar kaya. Ya ɗauka wa gidan nan abin da ya isa."

Wata tara da kawo shi gida aka sa ranar auren Rannu, 'yar Tompo ta fari. Dangin ango mutanen birnin Makassar ne. A wajenmu kuwa biki ba ya amsa sunansa sai baƙi sun sha gantala, romon naman doki. Tompo ya kama rumfuna da masu kiɗa, ya sake fentin gida. Da ya je kasuwar dawaki ya ji yadda suka yi tsada, sai ya dawo hannu sake.

Washegari na gan shi a rumfar bayan gida, wurin da bai taɓa takawa ba. Yana shafa cinyar Leleng yana matsawa da yatsa.

"Kai, Sunggu, hannunki akwai albarka. Dubi yadda ya yi mulmul."

Ta ajiye laujen da ke hannunta a hankali. Tun daga nan ta gane.

An yi zaman a barandar gidan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aka kira baffansu, Daeng Nai, ƙanen mahaifinsu, aka kira ni. Sunggu ta kawo mana kofi, sannan ta zauna a bakin ƙofa.

Tompo ya fara. "Baffa, dokin gidanmu ne, na Baba. Jikar Baba ce za ta yi aure. Da yana raye, da hannunsa zai ba da shi."

"Ka ba ni shi, Yaya."

"Na ba ki ki kula da shi. Wa yake kyautar da doki sukutum a tsaye a gona?"

"A lokacin ba doki ba ne, mushe ne. Haka Hajiya ta kira shi."

"Ji ta!" in ji Hajiya. "To ruwan rijiyar wa ya sha wata tara? A filin wa ya kwana? Ita kanta mai jinyar, shinkafar wa take ci?"

Baffa ya ɗaga hannu. "Sunggu 'yata, ki saurara. Dokin nan tsoho ne, ko an bar shi shekara nawa ta rage masa? Gara ya tafi a hidimar gida, a yi masa bisimilla, mutane su ci su sa albarka. In baƙin nan suka zo aka ba su kaza, kunyar ba ta Tompo kaɗai ba ce, har da ke. Kuma ladan jinyarki yana nan, ba wanda zai taɓa shi."

Rannu ta fito daga ɗaki idonta jawur, ta durƙusa gaban Sunggu. Sunggu ce ta goya ta tun tana jaririya.

"Goggo, so kike dangin mijina su yi ta mini gori har in mutu? Dabba ta fi ni a wajenki?"

Sunggu ta ce, "A tambayi Malam. Yana wurin."

Duk suka juyo gare ni.

Ɗana na biyu direban Tompo ne. Filin da nake noma masara na dangin Hajiya ne. Ba don in wanke kaina nake faɗa ba, don a san abin da na tsaya aunawa ne kafin in buɗe baki.

Na ce, "An dai yi magana mai kama da haka. Amma gaskiya cikin raha aka yi ta. Daeng yana dariya lokacin."

"To kun ji," in ji Tompo.

Sunggu ta tashi ta tattara kofunan. Nawa ne na ƙarshe da ta ɗauka.

Bayan kwana biyu ta zo gidana da hantsi. Ta ƙi hawowa, a gindin matakala ta tsaya. Ta san ba a yanka doki sai na duba shi na rubuta takardar cewa lafiyarsa ƙalau.

"Malam, ka rubuta yana da ciwo. Kowane iri. Ka ce naman zai cutar da mutane."

"Sunggu, dokin nan lafiyarsa lau. Kin fi kowa sani. Ni ba na rubuta ƙarya."

Ta dube ni.

"Da baki dai kake faɗarta," ta ce. Ta juya ta tafi.

Na rubuta takardar.

Ana jibi biki ta gwada gudu da shi. Da safe ta fita kamar za ta teku, sai ta miƙe hanyar garin wata 'yar ƙanwar uwarsu. Ba su yi nisa ba, tsohuwa da tsohon doki. Tompo ya cim musu da mota a kan gada, ɗana ne ma yake tuƙi, shi ya ba ni labari. Suka saukar da katako don dokin ya hau, ya ƙi. Maza uku suka ja, ya toge. Ɗaya ya ciro gora ya fara zabga masa a ƙafafu.

"Ku daina dukansa!" in ji Sunggu. "Ku daina, ni zan hau da shi."

Ta taka katakon ta shiga bayan motar, ta kira sunansa sau ɗaya. Ya bi ta.

Washegari aka yanka shi a bayan gida, tana can bakin rafi. Da ta dawo Hajiya na jiran ta da tukwane, domin duk ƙauyen ba mai iya gantala kamarta.

"Ki yi haƙuri ki ɗora mana, Sunggu. Abin da ya wuce ya wuce. Kada a ce kin ɓata wa 'yarki biki."

Na zaci za ta ƙi. Ta ɗaura zani ta zauna gaban murhu.

Ranar biki an cika maƙil. Aka zaunar da ni a sahun gaba, kusa da Baffa da manyan baƙi. Tompo yana zagayawa cikin sabuwar riga yana gaya wa dangin ango cewa dokin gida ne, ba na kasuwa ba, su suka yi kiwonsa da hannunsu. Baƙin suna gyaɗa kai suna yabawa. Sunggu ce take rabon romo. Ta rame har zanin bikin da aka ba ta yana zamewa daga ƙugunta. Ta ajiye kwano gaban Baffa, ta ajiye gabana, ta tsaya.

Kowa yana ci. Tompo yana kallona daga can. Na ɗauki cokali na kai baki.

"Ya yi laushi, Malam?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa. "Tsoho ne. Tun jiya nake dafa shi, don kada ya ba ku wahalar tauna."

Na haɗiye. Baffa ya ce wallahi bai taɓa shan mai daɗin wannan ba, a ƙaro masa.

Kwana goma bayan biki Sunggu ta kwanta. Tarin ya sauka mata a ƙirji, ta kasa tashi ta ɗora tukunya. Mako guda ana sayo abinci daga waje, sai Hajiya ta ce iskar gidan ba ta karɓe ta ba, gara a kai ta wurin dangi a kan tudu ta huta. Tompo da kansa ya kai ta a mota. Ya ce wa mutane hankalinta ne ya ɗan taɓu, wai tun da ta ɗora ranta a kan dabba. Sun ɗauko wata mata daga ƙauyen gaba tana yi musu girki, kuma ita ana biyan ta.

Har yau in an zauna hira a ƙauyen nan, bikin Rannu ake misali da shi. Ana cewa Daeng Tompo ya fita kunya, ya riƙe sunan gidan ubansa. Mutum sama da ɗari uku suka ci naman nan, kuma rabinsu sun sha ganin Sunggu da dami a ka tana haki a hanyar rafi. Ba wanda ya ture kwanonsa. Ni da na san komai tun daga gindin giginya, nawa ma ban rage ko romo ba.

Sau biyu ina kama hanyar tudun don in gaishe ta. Duka biyun a mararraba na juya babur na dawo gida.